Gashin Bakin Ustaz Tammam da Kwalin Takarda

Ku gyara zama in ba ku labarin wani gashin baki da aka taɓa yi a garinmu, wanda kwalin takarda guda ya yi sanadinsa.

A can kudancin Masar, inda rake ke tsayi har ya ɓoye mutum a kan jakinsa, akwai wata makarantar yara a bakin magudanar ruwa. Cikin malamanta akwai Ustaz Tammam, mai koyar da labarin ƙasa. Ba dogo ba ne, ba kakkaura ba ne, ba shi da wata dukiya da za a nuna. Abin da Allah Ya ba shi, gashin baki ne. Amma fa na gaske, baƙi wuluk, mai kauri, ƙarshensa biyu a murɗe suna kallon sama. Kullum da safe sai ya shafa masa man zaitun ya murza kafin ma ya nemi takalmansa. A wajenmu kuwa namiji ba ya wasa da wannan wuri. Mutum na iya yin alkawari iri-iri a yi dariya a wuce, amma in ya kama gashin bakinsa a gaban jama'a ya yi magana, to maganar ta zauna. Ko ya cika, ko a kira wanzami.

Abu na biyu da Ustaz Tammam ya mallaka shi ne cika baki. Babu abin da bai iya ba. In injin ban ruwa ya tsaya, shi ya san ciwonsa. In jirgin ƙasa ya makara, ai don ba a tambaye shi ba ne.

Wata safiya, ana tsakiyar zango, shugabar makarantar, Abla Insaf, ta shigo ɗakin malamai ana shan shayi. Mace ce mai haƙuri, wadda ta ga malamai iri-iri ta kuma binne mamakinta tun da daɗewa. Ta ce ofishin ilimi ya aiko da kwalin farar takarda guda, an kuma ce kada a sa ran wani sai zango mai zuwa. Ga aikin gida, ga gwaji, ga jarrabawar ƙarshen zango tana tafe.

"Kwali guda?" in ji Ustaz Milad, malamin lissafi, wani dogo siriri da harshensa ya fi alli kaifi. "Ni kaɗai sai in cinye shi kafin Lahadi."

Ustaz Tammam ya ajiye kofinsa ya yi 'yar dariya ta hanci. "Shi ya sa ai. Ku ba ku san takarda ba, ɓarna kawai kuka iya. Da ni ke riƙe da injin fotokwafin nan, da kun ga aiki."

"Da ka riƙe shi sai ya haihu?" in ji Ustaz Milad.

"Abla, ki ba ni mabuɗin ɗakin injin. Kwalin nan zai kai mu ƙarshen zango, a yi jarrabawa, har a sami ragowar da za a aika wa makarantar 'yan mata sadaka."

Abla Insaf ta dube shi ta saman tabarau. "Ustaz Tammam, bara ma ka ce za ka gyara famfo."

"Famfon ya kawo ruwa ko bai kawo ba?"

"Ya kawo. Har cikin ofishina."

Aka kwashe da dariya. Ita dariyar nan ce ta ja masa. Jini ya hau masa kai, ya miƙe tsaye, ya kai hannu ya kama ƙarshen gashin bakinsa na dama. Cokulan da ke juya shayi duk suka tsaya.

"In kwalin nan ya ƙare kafin ranar da za a rufe makaranta," in ji shi, "Usta Ayyad wanzami ya zo ya aske wannan a tsakiyar fili, a gaban yara, a ƙarƙashin tuta."

Can sai Ustaz Milad ya kurɓi shayinsa ya ce, "Abla, kin ji, na ji. In na tashi zan biya in gaya wa Usta Ayyad ya fara wasa aska, don wannan daji ba na rana ɗaya ba ne."

Kafin Ustaz Tammam ya isa gida, labari ya riga shi. Matarsa, Ummu Rafat, tana bakin murhu tana jiransa.

"Abu Rafat, duk abubuwan da ke gidan nan ka rasa abin da za ka jingina sai fuskarka? Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin leɓenka na sama ba. Ba na so in fara saninsa yanzu da girmana."

"Kwantar da hankalinki, 'yar mutane. Takarda ce fa. Ni da na koyar da taswirar duniya gaba ɗaya, takarda za ta gagare ni?"

Washegari ya rataya mabuɗin a wuya da igiya, kamar laya. Duk malamin da ke son a buga masa abu sai ya zo ya tsaya ya yi bayani, shi kuma yana zaune a kan kwalin yana murza gashin baki yana sauraro kamar alƙali. Bai daɗe ba ya gano wani maɓalli a jikin injin mai ƙanƙance rubutu. Ranar ya yi murna kamar wanda ya haƙo rijiya. Ya fara cusa shafi biyu a fuska ɗaya, ya ga ai akwai sauran wuri, ya mai da su huɗu, daga nan abin ya zama ba iyaka. Taswirar Masar da ya buga wa ajinsa ta dawo kamar ƙwallon dabino, kogin Nilu kuwa ya ɓace ɗungurungum.

Yara suka riƙa manna hanci a kan takarda. Masu wayo suka fara zuwa da tabaran kakanninsu. Ana nan sai ga wata tsohuwa ta shigo makaranta tana dogara sanda, tana laluben bango.

"Ina mai injin?" in ji ta. "Ɗana, jikana ya tafi da idanuna tun safe. Shinkafar da na dafa jiya, maigidana ya ce tsakuwa ta fi ƙwaya yawa."

"Hajiya, ilimi sai da sadaukarwa."

"To ka sadaukar da naka idon."

Ustaz Milad ma, wanda ke kiransa Basha, wato babban mutum, don tsokana, ya zo da takarda a hannu. Kun san sifirinmu ɗigo ne kawai. "Basha, duba min nan. Wannan sifiri ne ko ƙuda ne ya yi abinsa? Don rabin ajina sun ce biyar, rabi sun ce hamsin, ni kaina da na rubuta tambayar na kasa raba gardama."

Abla Insaf ta hana ƙanƙance rubutu. Ustaz Tammam ya ce ba komai, dabarun da ke kansa sun fi gashin da ke kai yawa.

Ba a jima ba tawadar injin ta fara ja da baya, rubutu na fitowa fari-fari kamar wanda ya yi jinya. Ya ciro kwanson tawadar ya jijjiga shi kamar jariri, ya leƙa ciki, ya ga ashe gari ne kawai baƙi. Garin baƙi kuwa ai ba sai an je birni ba. Ya biya gidan gahawa ya roƙi ragowar gawayin shisha, ya kai gida ya sa Ummu Rafat ta daka masa a turmi, ya tankaɗe da sabon mayafinta ba ta sani ba. Ya zuba a injin, ya danna.

Takardun farko suka fito baƙi ƙirin, rubutu raɗau, abin sha'awa. A taron safe ya karɓe lasifika daga hannun yaron da ke karanta labarai, ya sanar wa makaranta da unguwa baki ɗaya cewa daga yau an daina dogaro da tawadar ƙasashen waje.

Sai dai gawayi bai san ana manne wa takarda ba. Kafin azahar rubutun ya bar takardu ya koma hannuwan yara, daga hannu ya hau fuska, daga fuska ya sauka kan fararen riguna. Aka tashi makaranta kamar an sallami masu aikin gasa burodi. Ga kuma wani ƙamshin tuffa da taba da ke bin kowa. Da safe sai ga wani manomi ya jawo ɗansa da kunne.

"Wane ne ke koya wa yaron nan shisha? Tun jiya nake tambayarsa, ya ce min wai aikin gida ne."

Ustaz Tammam ya ja shi ɗakin injin don ya nuna masa cewa babu wata matsala. Ya sunkuya, ya buɗe murfi, ya hura. Injin ya yi wani tari, ya yi atishawa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Da ƙura ta lafa, idanuwa biyu kawai ake gani a fuskar Ustaz.

Ustaz Milad ya leƙo daga ƙofa. "Masha Allah. Gashin bakin ya yaɗu har goshi. Usta Ayyad zai ce a ƙara masa lada."

Abla Insaf ta aika aka kira mai gyara daga birni, ya wanke cikin injin yana ta salati, ya zuba tawada ta gaskiya. Ustaz Tammam ya ce shi dai rantsuwarsa a kan takarda take, ba a kan tawada ba. Amma da ya kulle ƙofa ya ɗaga murfin kwalin, sai ya ga ɓarna. Gwaje-gwajensa sun ci fiye da abin da malaman za su ci. Kwalin ya wuce rabi, zango kuwa da saura. Ya shafa gashin bakinsa a hankali, kamar mai lallashin mara lafiya.

Da yunwa da tunani ya fita bakin ƙofar makaranta, wajen Ammu Dardir mai ta'amiyya, ƙosan nan namu na wake da ganye. Shi Ammu Dardir, kamar kowane mai suya a garinmu, da tsofaffin takardu yake naɗe wa mutane. Buhu-buhu yake sayo su daga ofisoshin birni in sun gaji da ajiya. Ya murɗa takarda kamar mazurari, ya zuba masu zafi, ya miƙa. Ustaz Tammam ya cinye, ya warware takardar zai goge hannu, sai ya tsaya cak. Gabanta rubutu ne. Bayanta fari fat.

"Ammu Dardir, duk takardunka haka suke?"

"Haka fa. Mutanen ofis ba sa juya takarda, wai kada hannunsu ya gaji."

"To saurara. Ta'amiyya tana karatu?"

"Ban taɓa jin ta yi ba."

"Ashe ba ruwanta ko bayan takarda fari ne ko baƙi. Ka riƙa ba ni masu farin baya, ni kuma duk takardar da ta lalace a makaranta in tara maka a buhu in kawo. Ka ba ni ɗaya, in ba ka biyu."

Ammu Dardir ya juya abin da ke cikin kasko. "Ni dai takarda ta sha mai, shi ke nan. Kawo."

Haka aka ƙulla. Ustaz Tammam ya dawo da damin takardu a kafaɗa yana tafiya kamar wanda ya ci yaƙi. Daga ranar duk aikin gida da gwaji a bayan takardun Ammu Dardir ake buga su, kwalin kuwa ya samu hutu.

To amma yaro in ka ba shi takarda sai ya juya ta. A ajin Ustaz Tammam kansa, yana tsakiyar bayanin duwatsun Sina, wani ya ɗaga hannu.

"Ustaz, a bayan tawa an rubuta wai ɓaunar gidan Hajji Bakhit ta cinye gonar kakana."

Wani daga baya ya miƙe. "Ƙarya ne. Gonar ce ta shigo inda ɓaunarmu take."

Ɓauna a wajenmu dabbar gida ce. Rigimar da dattawa suka kashe tun kafin a haifi yaran sai ga ta ta farfaɗo a aji, da jifa da alli. Da ƙyar aka raba. Ban da wannan, takardun sun daɗe a gefen kasko suna shan tururin mai. Da sun shiga injin sun ji zafi, sai ƙamshin suya ya cika baranda. Yara suka riƙa hamma tun kafin a yi darasi na biyu. Kyanwoyin unguwa suka yi sansani a ƙofar ɗakin injin, kullum sai Ustaz ya yi ta kora kafin ya sa mabuɗi. Wata yarinya ta zo tana kuka ta ce akuya ta cinye aikin gidanta, kuma karon farko a tarihin makarantar aka yarda.

"Basha," in ji Ustaz Milad, "gobe ka buga min nawa da ɗan gishiri. Na jiya lami ne."

"Yi ta ba'a. Kwali dai yana nan."

Gaskiya ne, kwali yana nan. Ustaz Tammam ya koma lasifika yana shela, har magana ta kai ofishin ilimi cewa akwai wani malami da ya gano yadda za a yi makaranta ba tare da takarda ta ƙare ba. Aka aiko cewa Sufeto zai zo da kansa ya gani, ana gobe jarrabawa.

Ita jarrabawa, Abla Insaf ta ce ba ta yarda a buga ta a bayan rigimar ɓauna ba, sai a farar takardar kwali. Ustaz Tammam ya auna da ido ya ga za ta isa har da ɗan ragowa. Ya karɓi tambayoyin malamai duka, ya shiga ɗakin injin ya kulle, ya toshe ramin mabuɗi da auduga, ya rataya bargo a taga.

"Ko iska ba za ta san abin da ke cikin jarrabawar nan ba," ya faɗa wa masu wucewa ta bayan ƙofa. "Ni in na riƙe sirri, ni kaina sai na nemi izini kafin in tuna."

Injin kuwa tun da ya sha gawayi da man suya bai koma daidai ba. Wata takardar ta fito a karkace, wata ya tauna gefenta, wata rabi ya fi rabi haske. Duk wadda ta lalace sai Ustaz ya yi tsaki ya jefa a buhun da ke gefe, kamar yadda ya saba. Da ya gama ya zuba masu kyau a ambulan, aka manne da jan kaki, Abla Insaf ta kulle a kabad ɗinta. Ya leƙa kwali ya ga sauran 'yan takardu a ƙasa. Ya sumbaci yatsunsa ya shafa wa gashin baki. Sannan, da yake shi mutum ne mai cika alkawari, ya saɓi buhun lalatattun takardu ya kai wa Ammu Dardir.

Da safe, ranar zuwan Sufeto, Ustaz Tammam ya sha man zaitun har yana ƙyalli. Da ya doso makaranta sai ya ga layi a gaban kaskon Ammu Dardir har ya kai bakin gada. Yaran da ba su taɓa zuwa kafin a buga ƙararrawa ba, duk ga su.

"Ammu, ni a naɗe min a lissafi."

"Ni na sami lissafi, ba ni Larabci."

"Wa ke da kimiyya biyu mu yi musaya?"

Ammu Dardir yana ta zuba ƙullu a mai, gumi na zuba. Ya hango Ustaz ya ɗaga masa ludayi. "Ustaz, Allah Ya yi maka albarka. Ban san abin da ya sami yaran nan ba. Su saya, su zuba wa kyanwa, su tafi da takarda, su sake dawowa layi."

Hankalin Ustaz Tammam na kan jawabin da zai yi, bai tsaya ya ji da kyau ba. Ya ce, "Ai duk wanda ya yi hulɗa da ni sai ya ga buɗi." Ya kuma ce a aiko da masu zafi na baƙo, ya wuce.

Sufeto ya iso, wani dattijo mai sanƙo da ƙaramar murya, wanda ba ya gaggawa a komai. Aka jera yara a fili, aka ajiye masa tebur a inuwa tare da malamai. Ustaz Tammam ya riƙe lasifika, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan kwalin. Ya fara daga Fir'aunan da suka ƙirƙiro takarda, ya gangaro har zuwa kansa. Yana cikin haka aka kawo shayi da ta'amiyya, kowa da ƙunshinsa.

Sufeto ya ci ɗaya, ya gyaɗa kai. Ya ci ta biyu. Ya warware takardar don ya kai ga ta ƙasa, sai idonsa ya tsaya. Ya ciro tabarau ya sa. Ya ci gaba da tauna a hankali yana karantawa.

"Ustaz," in ji shi, "ɗan ara min lasifikar."

Ustaz Tammam ya miƙa da murmushi, yana jiran yabo.

"Yara, wa zai gaya min tambaya ta uku a jarrabawar labarin ƙasa ta gobe?"

Hannuwa suka tashi kamar gonar rake. Har wani ƙato da ke maimaita aji, wanda bai taɓa ɗaga hannu ba sai in zai fita fitsari, yana tsalle yana cewa a tambaye shi.

"Faɗi, ɗana."

"Ambaci amfanin gona uku da ake nomawa a kudancin Masar. Amma ta huɗu mai ya cinye ta, Ustaz, sai ka sayi wani ƙunshin."

Ustaz Milad ya warware tasa takardar ya duba. "Tawa ce wannan. Lissafi, aji shida. Ta zo da barkono."

Abla Insaf ta rufe ido, leɓunanta na motsi.

Ustaz Tammam ya sauke ƙafarsa daga kan kwali. Amma bakinsa bai mutu ba. "Ranka ya daɗe, ai wannan ita ce sabuwar hanyar. Bita ke nan. Yaro ya ci, ya karanta, ilimi ya shiga ta sama da ta ƙasa."

"Hanya ce mai daɗi," in ji Sufeto, yana lasar yatsa. "Yanzu kowane malami ya zauna ya rubuta sababbin tambayoyi. A buga su yau, a farar takarda, da rubutun da mutum zai gani ba tare da tabaran kakarsa ba."

Ragowar kwalin ba ta ko gama aji ɗaya ba. Abla Insaf ta aika kasuwa aka ɗauko kwalaye a kan amalanke, suka wuce ta gaban gidan gahawa kowa na kallo. Amma Ustaz Tammam, da ya ga ƙasan kwalinsa na bayyana, sai ya yi wuf ya zare takarda ta ƙarshe ya ninke ya sa a aljihun ƙirji.

"Kwali bai ƙare ba," ya raɗa wa Ustaz Milad. "Muddin akwai guda, bai ƙare ba."

"Haka ne, Basha. Gaskiyarka."

Can da la'asar Sufeto ya zauna zai rubuta rahoton abin da ya gani. Ya laluba jakarsa, ya dubi tebur. Duk farar takardar da ke makarantar tana cikin injin ko tana cikin ambulan.

"Babu mai 'yar farar takarda guda?"

Ustaz Milad ya dubi rufin ɗaki, ya yi ɗan tari. "Ranka ya daɗe, a makarantar nan mutum ɗaya ne ya iya tanadi."

Duk idanu suka koma kan aljihun Ustaz Tammam, inda kusurwar takardar ke leƙowa. Ya ciro ta da hannu biyu ya miƙa, kamar mai ba da 'yarsa. Sufeto ya cika ta gaba da baya.

Ranar rufe makaranta aka ajiye kujera a ƙarƙashin tuta. Mutanen gari suka hau katanga, mata suka cika rufin gidajen maƙwabta, Ammu Dardir ya matso da kaskonsa bakin ƙofa. Usta Ayyad wanzami ya zo da jakarsa, ya shimfiɗa tawul, ya ajiye 'yan takardun goge aska a gefe.

Abla Insaf ta matso ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Ustaz Tammam, jarrabawa ta wuce lafiya. Ni na yafe, malamai sun yafe. Ka tafi gida da abinka."

Har Ustaz Milad ya ce, "Bar shi, ɗan uwa. In babu shi, wa zan riƙa tsokana?"

Ustaz Tammam ya dube su, ya dubi jama'ar da ke kan katanga. Ya gyara wuyan riga. "Na kama shi a gaban mutane na yi magana. In na tafi da shi yau, ba gashin baki ba ne kuma, tsintsiya ce. Usta, bismillah."

Ya zauna ya ɗaga haɓa kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Usta Ayyad ya shafa kumfa, ya ja aska. Ɓangaren dama ya tafi, na hagu ya bi shi. Iska ta taɓa wurin da ba ta taɓa taɓawa ba tun yana saurayi.

Daga kan rufi aka ji muryar Ummu Rafat. "Allah Sarki. Ashe fuskar mahaifiyarsa ce da shi, Allah Ya jiƙanta."

Dariya ta ɓarke daga katanga har bakin gada. Ustaz Tammam ya karɓi madubi ya duba dama, ya duba hagu.

"Ba laifi," in ji shi. "Kafin a dawo hutu zai fito ya fi na da. Akwai wani haɗi da na sani, ni kaɗai na san shi."

"Kada dai ka rantse," in ji Abla Insaf.

"Da me zai rantse?" in ji Ustaz Milad.

Usta Ayyad ya goge askarsa a jikin 'yar takarda, ya ga da sauran kumfa, ya yar da ita ya kai hannu zai ɗauki sabuwa. Caraf Ustaz Tammam ya riƙe masa hannu. Ya sunkuya da tawul a wuya, ya tsinto wadda aka yar, ya kaɗe ta, ya juya.

"Usta, ba ka da ido ne? Bayanta fari ne."

Wanzami ya goge a bayan. Ustaz Tammam ya juyo ga jama'a, ya kai hannu zai murza abin da babu, ya ƙare da sosa hanci.

"Kun gani ko? Ko a nan ma na rage muku guda."